Shafi Ɗaya Don Rijiyar Bizo

Wasiƙar ta zo ran Laraba, ran kasuwa,
cikin motar albasa da ta komo daga Tawa.
Wani ɗan gari ne a Ingila
ke neman ƙawance da mu.
Sun haɗo da ɗan littafi mai sheƙi:
ga koginsu, ga gada, ga majami'ar dutse,
ga shekarar da aka kafa su, babu kankara,
ga kansiloli sha biyu sun jeru suna murmushi.
Can ƙasa suka ce: ku ma ku ba mu naku, shafi ɗaya.

Magajin gari ya turo mini biro.
"Arzika, shekara ashirin da uku rajista na hannunka. Rubuta."

To.

Gabas da mu tsauni ne, ja kamar an gasa shi.
Yamma fako, inda ko akuya sai ta tsaya tunani.
Kogi kuwa muna da shi kwana tara a shekara;
sauran kwanaki yashi ne, yara na ƙwallo a cikinsa.
Amma ran da ya tuna da sunansa
da dare yake zuwa,
ya tafi da jakin Miko da rabin garkar Tabawa.
In zana shi da shuɗi?
Mai taswira ya taɓa zuwa da bazara,
ya dube shi, ya rubuta: hanya.

Kansila sha ɗaya gare mu, kujera tara,
biyu kan zo da tabarma.
Shekara huɗu ana kan magana guda:
kasuwa na hayin arewa, mahauta na hayin kudu,
wa ke da harajin san da aka saya can, aka yanka nan?
Hakimi na da rawani, mu muna da hatimi.
Mai rigimar gona kan gaishe mu duka,
sannan ya zarce wurin tsohuwa Ige,
wadda ta san gindin kowace gambar iyaka
tun ba a sassaƙa hatimin ba.

Da na zo kan tarihi na buɗe kabad.
Gara ta riga ni.
Ta ci tun daga zuwan Nasara har babban fari,
ta bar mana rasit ɗin kananzir guda uku.
Sai na nufi gindin gawo, wurin Nomau makaho.
Ya ce Bizo maharbi ne, barewa ya biyo,
ta tona ƙasa da kofato, danshi ya fito.
Ƙanensa ya tofar da goro: "Gudun lanho ya yi!
Rijiyar ma matarsa ta fara haƙa ta."
Na ce yaya sunanta?
Shiru.
Na ce to, wace shekara?
"Shekarar da fara ta rufe rana."
Wacce daga ciki?
Nomau ya yi dariya har da tari.

Yawan jama'a: da damina dubu shida.
Da rani a cire duk mai ƙarfin ɗaukar jaka.
Suna Abija, suna Agadas, wasu sun haye Libiya;
muryarmu na isa gare su ta waya,
guminsu na iso mana a kwanon rufi.
A wane layi zan sa su?

Na sake buɗe littafin baƙi.
Komai fes, kamar ba a taɓa musu ba.
Na so in tambayi magatakardansu
ko shi ma akwai matar da ya bar wa shiru,
da abin da tasu garar ta ci.

Shafi ya cika ban fita daga kogi ba.
Na juya baya, na ci gaba.
Magajin gari ya karanta, ya ce a cire zancen kujeru.
Ban cire ba.
Tawada ta bushe tun watan jiya,
sai na huci hatimin sau biyu,
na danna da ƙarfi.
Rabin sunan garin ya fito.